Farin Yashi a Gonar Riɗi

Yashin fari ne tas kamar garin rogo, yana cikin wata 'yar kwalbar turare da aka wanke. Ramlat ta ɗaga ta saitin ranar la'asar tana jujjuyawa, yashin yana gangarowa daga gindi zuwa wuya, daga wuya ya koma gindi. Tun da Basiru ya zauna a benci a gindin darbejiyar ƙofar gidansu, kwalbar nan take kallo. Ruwan da ta kawo masa yana gefen ƙafarta, ta manta ba ta miƙa ba.

An daɗe da sanin Basiru ne ke neman ta. Manya sun shiga maganar, an tsayar cewa in ya yanke riɗi bayan kaka zai kawo lefe.

Zubair yana zaune a kan saiwar bishiyar, ya miƙe ƙafa. Taubashin Ramlat ne, ɗan kawunta, don haka ba shi da shamaki a gidan. Abokin Basiru ne kuma tun firamare. Da suka gama sakandare Basiru ya koma gonar mahaifinsa a bayan Makoda, Zubair ya bi wani Alhaji mai fataucin kayan yaji a Kano. Bana Alhajin ya tafi da shi sarin kanumfari a wani tsibiri, Pemba, can gabashin Afirka. Ya dawo da tsaraba: kanumfari na Inna Hure, mahaifiyar Ramlat, yashi kuma na Ramlat.

"Sake ba ni labarin ruwan nan mai tafiya," in ji ta.

"Ke 'yar ƙauye, ba kya gajiya? Jiya ma na faɗa miki."

"Ji ɗan birnin shekaranjiya. Yaya Basiru bai ji ba ai."

Zubair ya gyara zama. Da ma jira yake yi.

"Ranar Juma'a ce, bayan masallaci Alhaji ya ce in je in sha iska. Na hau bayan wani mai babur, ya yi ta kutsawa da ni cikin itatuwan kanumfari da na kwakwa. Hanya duk ƙamshi, kamar an jefa ka a tukunyar shayi. Kwalta ta ƙare, burji ya ƙare, sai 'yar hanyar ƙafa. Ya ce in sauka. Na ratsa wasu bukkoki, sai kawai na ga ƙasa ta ƙare. Mutumina, ruwa! Har inda ido ya gaji."

"Mutane fa?" Ramlat ta tambaya, alhali ta san amsar.

"Ina mutane? Wani tsoho ne kaɗai yana ɗinkin koma a inuwar kwalekwale. Na yi masa sallama ya amsa, daga nan hira ta ƙare, ba ya jin nawa ba na jin nasa. Sai wata saniya kwance a kan yashi tana tuƙa, kamar ita ta gaji wurin. Ba rediyo, ba ƙarar mota. Har numfashinka kana ji."

"Ruwan fa?"

"Ruwan nan zuwa gona yake yi. Sanda na isa ya tafi can nesa, ya bar jiƙaƙƙen yashi da wasu 'yan ƙaguwa farare masu gudu a karkace. Na cire takalmi na yi la'asar, na zauna ina kallon ikon Allah. Kafin in farga ya taso daga aiki, ya ɗauke mini ƙafa ɗaya ta takalmi. Da ɗingishi na koma masauki."

Ramlat ta yi dariya har ta kifa kai a gwiwa. Basiru ya san dariyar nan. Da can shi ake yi wa ita.

"Wata ne ke jan sa," ya ce. "An koya mana."

"Ka ji malam!" Zubair ya buga masa kafaɗa. "Wallahi Ramlat, shi ya zana mini taswirar Afirka ranar jarrabawa. Har tsibirin ya ɗiga mini da bakin biro, ni a zatona tawada ce ta zuba."

"Allah Sarki," in ji Ramlat, tana share hawayen dariya. "Kai ka ɗiga, shi ya taka."

Ba da wata manufa ta faɗa ba, kuma hakan ya fi yi masa zafi. Ya miƙa hannu ya ɗauki ruwan da kansa.

Kwanakin da suka biyo baya yana gona, yana tayar da kunya. Ruwa mafi girma da ya taɓa gani shi ne madatsar Tomas, ita ma daga wannan gaɓa kana hango masu wanki a waccan. Yakan tsaya ya dubi gabas. Gonar Kawu Badaru, sai ta liman, sai kukar da ke iyaka, sai rufin kwanon wani ƙauye. A ƙasarsu ido ba ya tafiya nesa bai ci karo da abin wani ba. Yakan yi ƙoƙarin share su duka a ransa ya zuba ruwa a wurin, sai ya ga Ramlat a tsaye a bakin ruwan, mayafinta yana kaɗawa. Wanda ke gefenta kuwa takalmi ɗaya gare shi.

Ranar da Basiru ya koma zance, Zubair ba ya nan, ya tafi Ɗambatta. Ramlat ta fito da faifan gyaɗa tana ɓara. Kwalbar tana kan faifan, a tsaye tsakanin ɓawo.

"Gobe zan shuka riɗi," ya ce.

"Allah ya sa albarka."

"Ina neman yashin cuɗawa."

Kowa ya san irin riɗi ba a shuka shi tsura. Ƙanƙantarsa ta yi yawa, sai an cuɗa shi da yashi don kada ya zube wuri guda.

"Yashi ya ƙare a rafi ne?" ta ce, ba ta ɗago ba.

"Wannan nake so."

Hannunta ya tsaya a kan gyaɗar.

"Tsaraba ce fa, Yaya Basiru."

"Na sani."

"Me 'yar wannan za ta yi maka a gona guda?"

"Ba yashi ba ne kawai? In ba komai ba ne a wurinki, ki ba ni."

Ta daɗe tana kallon sa. Daga cikin gida ana jin Inna Hure tana faɗa da akuya. Sannan Ramlat ta kaɗe ɓawon da ke jikin kwalbar, ta russuna, ta miƙa masa da hannu biyu, yadda ake miƙa wa baƙon mahaifi ruwa. Ba ta taɓa yi masa irin wannan ladabin ba.

"Ga shi," ta ce. "Allah ya ba da damina mai kyau."

Da safe ya zuba irin a ƙwarya, ya ƙara yashin rafi, sannan ya buɗe kwalbar. Ya ɗan tsiyaya a tafin hannunsa. Laushinsa ya wuce yadda ya zata, ga wasu 'yan ɓarɓashi ja-ja a ciki kamar farcen jariri. Ya waiga, ba kowa. Ya ɗora a harshe. Gishiri-gishiri. Ashe ba ƙarya Zubair ya yi ba, da ma a ce ƙarya ce. Ya tofar, ya juye sauran a ƙwaryar, ya cuɗa da ƙarfi har farin ya ɓace cikin ja. Ya bi kunya-kunya yana zubawa yana rufewa da ƙafa. Da ya kai iyaka ya ji ƙirjinsa ya yi sauƙi. Ya binne tsibirin.

Kwalbar ce bai yar ba. Ya sa ta a aljihu, bai san dalili ba.

Da daddare aka yi ruwa mai ƙarfi. Da ya koma gonar rana ta fito, sai ya ga bayan kunyoyin yana ƙyalli. Ruwa ya wanke ƙasa ya bar farin yashin a sama, ɗigo-ɗigo, daga wannan iyaka zuwa waccan. Ya sa ƙafa ya rufe na gabansa, ya hango wani a gaba. Ya rufe shi, ya hango wani. Abin da ke cikin tafin hannu jiya, yau ya cika gona.

Riɗi ya tsiro, ya yi kunne. Yana cikin noman farko wata hantsi sai ga Ramlat a hanyar iyaka, da ƙwaryar fura a ka, za ta kai wa mahaifinta. Tun ranar kwalbar gaisuwa kawai ke haɗa su. Ta tsaya a bakin gambar da ta raba gonakin.

"Sannu da aiki, Yaya Basiru."

"Yawwa, sannu."

"Ya fito da kyau."

"Ya fito."

Ta sauke ƙwaryar, ta tsuguna. Ta lashi ɗan yatsa ta dangwala a bayan kunya, ta ɗago tana duban ƙwayar farin da ta manne.

"Kwalbar fa? Ka yar?"

"Me za ki yi da ita? Ba komai a ciki."

"Zubair ya ce Alhajinsu zai koma bayan kaka. Wannan karon har ruwan zai ɗebo mini."

Bayan kaka. Basiru ya dubi riɗinsa, bai kai tsawon yatsa ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalbar. Ta yi ɗumi da jikinsa. Ta karɓa da hannu ɗaya, ta ƙulle a bakin zane, ta ɗauki furarta.

Har ta yi taku kaɗan, ta ce ba tare da ta waiwayo ba, "Ya ce wasu har da matansu suke zuwa."

Ya jira ko za ta ƙara wani abu. Ta bi hanya, ta wuce kukar iyaka.

Basiru ya ɗaga fartanya. Duk inda zai sara, akwai fari a wurin.