Goron Gidan Su Zinatu

Daga asibitin Anka suka kamo hanyar garinsu Adabka. Sai da babur ya sauke su a ƙofar gida Haris ya riƙo hannun wansa Makau.

"Yaya, don Allah kak ka hwaɗi ma Inna. Kak ka hwaɗi ma kowa."

Makau ya gyaɗa kai. Takardar asibiti na cikin aljihunsa: Haris na ɗauke da ƙanjamau. Ma'aikaciyar asibitin ta ce ba mutuwa ba ce in ya riƙe magani, amma lalle wadda zai aura ta sani, a kare ta. Yarinyar kuwa Zinatu ce, an sa musu rana bayan girbi.

*

Shekara biyu ke nan da Makau ya tafi da ƙanen nasa haƙar zinari a Dareta. Can babu uwa, babu dangi, sai rami da gajiya, da matan da ke kama ɗakuna bayan injinan niƙa dutse. Wata rana ma'aikatan lafiya suka zo rabon kwaroron roba. Maza suka yi ta karɓa suna shewa, wasu don su ɗaure waya kada ruwan rami ya ɓata ta. Makau ya hango Haris yana cusa nasa cikin wando a ɓoye, alhali ko waya ba shi da ita.

A gaban jama'a ya wanke shi da mari.

"Zina na kawo ka yi? Ɗan malam guda!"

Ya ƙwace, ya watsa a wutar mai shayi. Ranar ya ji kansa cikakken wa, har dattawa suka sa masa albarka. Bai san robar kaɗai ya ƙona ba. Haris bai fasa zuwa bayan injin ba, karɓar roba kawai ya daina. Wannan shi ke cin ran Makau yanzu, ya rasa wanda zai tsana in ba kansa ba.

*

Inna Dije ta dubi ramar autanta, ta yanke hukunci.

"Wagga rama duk rashin mata na. Ba mu jiran girbi." Ta miƙa wa Makau ƙwaryar goro. "Kai ab babba. Tahi ka ce ma uban Zinatu Juma'a muka so."

Makau ya dubi Haris. Haris ya dubi ƙasa.

A hanya ya shirya maganar ciwon Haris sau uku, sau uku tana rushewa. Bakin da ya iya tsawa a gaban mutum ɗari, yau ya kasa haɗa kalma biyar.

Zinatu na sussukar gero a gindin itacen bedi. Tana ganinsa ta aje taɓarya, ta durƙusa. Idonta ya faɗa kan ƙwaryar, ta rufe fuska da gyale tana murmushi.

"Yaya Makau, kun dawo lahiya?"

"Lahiya lau," in ji shi.

Ya cire takalmi, ya yi sallama a zauren mahaifinta.