Ƙofar da Manaja Ya Toshe

Hayaƙi ya cika sito kafin Manaja ya tuna shi da kansa ya sa aka yi wa ƙofar baya walda, don kada leburori su riƙa sulalewa. A wurin taro ya kira dabarar "sitirateji", har aka tafa masa. Yanzu wuta ta tare ƙofar gaba, daga shi sai Saje, tsohon soja mai gadi.

"Saje, yi wani abu mana!"

Saje ya jiƙa rigarsa a bokiti ya miƙa masa. "Toshe hanci, yallaɓai. A bariki an ce mana kalmar nan taka, sitirateji, ta Girkawa ce, wai jan ragamar runduna. Mai jan runduna kuwa mafita yake fara dubawa."

Ido ya raina fata, Manaja ya yi ta dukan ƙarfen ƙofar baya har hannunsa ya fashe. Can injin yankan ƙarfe ya yi ƙara daga waje, ƙofar ta faɗi. A bayan 'yan kwana-kwana ga wata baƙuwa, jami'ar bincike, da hular kwano da littafi, ta ƙura wa waldar ido.

"Wa ya ba da umarnin wannan?" in ji ta.