Sunansa a Takarda

"Ɗaga min ita kaɗan, maƙwabciya," in ji Injiniya. Na gyara masa kwamfutar a kan filon da ke cinyarsa. Allura na shigo yi masa kamar kullum, na tarar da wani Farfesa daga wurin aikinsa zaune a bakin gado, ko takalmi bai cire ba.

Mu a layinmu Injiniya muke ce masa, amma a jami'a ma'aikacin ɗakin kwamfuta ne kawai. Shekara ashirin da shida yana rubuta manhajojin da malamai ke bincike da su. Su ne da suna a takardu, shi kuwa sai ciwon baya.

"Tun Litinin manhajar ta ƙi tashi," in ji Farfesa, "ga shi Juma'a za mu tura takardar binciken."

Yatsun Injiniya na rawa, yana danna harafi ɗaya-ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da ko kofin ruwa ba ya iya riƙewa!

Matarsa na tsaye a bakin ƙofa. "Ranka ya daɗe, wannan karon dai za a sa sunansa, ko? Abin da yake ta faɗa ke nan."

Farfesa ya yi gyaran murya. "Uwargida, abin da tsari. Wanda ya kawo sabon tunani shi ake rubutawa. Maigidanki gwani ne, ba musu, amma aiwatarwa yake yi."

Injiniya bai ɗago ba. "Tunanin naka wata uku yake ɗauka kafin ya ba da amsa. Ni na mai da shi minti arba'in. Shi wannan me ake kiransa?"

"Ƙwarewa ce."

"To." Ya danna, lambobi suka fara gudu a allon. "Ɗauki abarka."

Farfesa ya ce zai duba abin da za a iya yi. Sai da ya kai tsakar gida ya tuna bai ce Allah ya ƙara sauƙi ba, ya ɗaga murya ya faɗa daga can.

Ranar Alhamis da hantsi Injiniya ya cika, ina riƙe da hannunsa.

Bayan wata biyar direban Farfesa ya kawo takardar a ambulan. Matar Injiniya ta shigo min da ita da sauri, mayafi a karkace, don ba ta karanta yaren da aka rubuta ta da shi.

"Duba min, 'yar'uwa. Ina yake?"

Sunaye huɗu ne a sama, babu nasa. Na yi ta juya shafi har na ƙarshe. Can ƙasa, da ƙananan haruffa, an gode wa ma'aikatan ɗakin kwamfuta.

"An sa?"

Na ɗora yatsa a kan kalmar da ke nufin "ma'aikata".

Ta karɓa ta zauna a kan tabarmata, ta kusanto da shafin dab da idonta. Ta daɗe tana shafa wurin a hankali da babban yatsanta.