Jan Fenti a Ƙofar Tela

"Kai ka kashe shi. Kai ɗin nan mai tabarau. Kada ka waiwaya, babu kowa a bayanka sai bango."

Tsohuwa mai wankau ce tsaye a gaban teburin jami'in gidajen gwamnati, ta dafa takardunsa da hannuwan da sabulu ya cinye.

"Iya, ki zauna mu yi magana a hankali."

"Hankalin ne ya kai shi kabari jiya."

Shekara ashirin da shida bango ɗaya ya raba ɗakinta da na Tela, a layin ƙarshe na gidajen bakin kogi, can kan tudu. Shi ya ɗinka, ita ta wanke. Da ambaliya ta zo, ta cinye layuka uku na gangare, amma nasu layin ruwa ya leƙo dokin ƙofa ya koma.

Bayan mako biyu wannan jami'in ya iso da mutanensa, suna bin ɗakunan da ruwa ya ci suna shafa musu jan fenti. Tela ya taso daga kan kekensa, tef rataye a wuya.

"Ranka ya daɗe, wannan jan fa?"

"Gyara za a yi," in ji jami'in, ko kallonsa bai yi ba.

To, rufin Tela ya shekara bakwai yana yoyo daidai saman keken ɗinkin. Da la'asar sai ga shi da ɗan gwangwanin fenti.

"Maƙwabciya, riƙe min. Gwamnati in tana rabo, ba a jira ta kira sunanka."

"Kai da ko aljihu sai ka karkata shi, yau kai ne mai zane?"

Ta riƙe masa tana dariya. Ya shafa wa ƙofarsa, ya shafa wa tata. Kafin rana ta faɗi gwangwanin ya zaga layin kaf.

Ranar Talata katafila ta zo. Ta gama da gangare, ta hauro tudu. Tela ya sha gabanta yana ɗaga hannu. "Ni na shafa! Da hannuna na shafa, wallahi ɗakin lafiyarsa ƙalau!"

Direban ya leƙo ya ce, "Baba, ni ja aka ce in bi. Matsa."

Da ƙyar aka janye shi. Aka rushe layin kaf, keken na ciki.

Aka zuba su a wata makaranta, gida takwas a aji ɗaya, an raba tsakani da zannuwa. Babu wanda ya zagi Tela, amma babu mai gaishe shi. Ya juya fuska ga allo ya daina cin abinci. Ta kai masa kwano, ta zo ta ɗauke shi yadda ta ajiye. Rana ta tara, da tsakar rana, ya kira ta.

"Maƙwabciya, ki yafe min ƙofarki."

"Rufe min baki. Ƙofar da ko sakata ba ta da ita?"

Ya yi kamar zai yi dariya. Ta fita kwashe shanya, ta dawo ta tarar ya cika.

Jami'in ya gyara tabarau. "Iya, Allah ya jiƙansa. Amma a takarda, mu ba mu sa wa layinku alama ba. Shi ya shafa da kansa."

"Na sani. Ni na riƙe gwangwanin, kuma da shi zan mutu a wuyana. Amma wa ya ce gyara? A gidanku in an kai riga gyara, yaga ta ake yi? Tela ka faɗa wa gyara, ɗan nan, tela! Me kake so ya ji?"

"Gyaran unguwa nake nufi."

"Na ga gyaran. Kun kewaye filin da kwano, kun kafa allo da hoton benaye. Ban iya karatu ba, amma na iya kallo. Na duba hoton sama da ƙasa, ban ga inda talaka zai ɗaura igiyar shanya ba."

"Ni umarni aka ba ni daga sama."

"Haka direban ma ya ce. Kowa an aiko shi, kamar ba uwa ta haife ku ba."

Lokacin tashi ya yi. Akawu ta rufe injinta ta ɗauki jaka, aka fara ja wa tagogi labule. Tsohuwar ta cire silifas ɗinta, ta jera su gefen teburin, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu a bakin ƙofa.

"Kira na saman naka. In shi ma aiko shi aka yi, ya kira nasa. A fito min da wanda zai tsaya a gabana ya ce shi ne."