Makin Muntari

Da na san abin da hannuna zai aikata, wallahi da ban taɓa karɓar wayar nan daga hannun Gwaggo Marka ba.

Muntari ɗanta ne, taubashina, kuma kun san halin taubasai, ba ya ganina bai tsokane ni ba. Kiwo yake yi a bayan Getso. Yana da wata 'yar waya mai madannai, a cikinta akwai gem ɗin jirgi. Ba wani abin a zo a gani ba ne: ɗan jirgi a ƙasan gilashi, abokan gaba na zubowa daga sama kamar fari, kai kuma kana sakin wuta kana kaucewa. Rai uku gare ka. In sun ƙare sai a nuna makinka, a nuna na gwanin gwanaye. Mutum ɗaya tak wayar ke riƙewa, da sunansa.

Shanu na cin ciyawa, gogan yana gindin gawo yana latse-latse, har ya kai dubu tamanin da huɗu. Ni ko dubu arba'in ban taɓa haurawa ba. Ranar kasuwa sai ya miƙo mini wayar a gaban jama'a.

"Ungo, bawana Tasi'u, gwada mu sha dariya. Yatsun fartanya ba sa tuƙa jirgi!"

Haushi kamar in fashe. Ga gem ɗin da shegen daɗi, babu dogon bayani, kana mutuwa zuciya za ta ce maka saura ƙiris, ƙara ɗaya kawai.

Zazzaɓin kwana huɗu ne ya ɗauke shi da damina. Bai yi aure ba, ko hoto bai bari ba, don ba ya son a ɗauke shi. Da aka zo rabon kayansa, Gwaggo ta ce a bar mata wayar. Ba ta yi boko ba, amma an nuna mata inda ya rubuta sunansa da kansa kusa da makin, shi ke nan kullum sai ta sa an buɗe mata ta kalla. Unguwarsu babu wuta, don haka duk Alhamis ni nake kai wayar rumfar Zayyad mai caji.

Wata Alhamis, bayan ta cika, ruwa ya tsare ni a rumfar. Zaman banza, na ce bari in yi ɗaya in ajiye.

Ikon Allah, ranar hannuna ya faɗa. Hamsin, sittin, ko rai ɗaya ban rasa ba. Masu fakewa suka zagaye ni, Zayyad yana dukan benci.

"Kai, Tasi'u! Yau ranarka ce, kar ka sassauta!"

Na ga tamanin da uku da idona, ga shi rai ɗaya ya rage mini. Ba zan yi ƙarya in ce na manta ba, na tuna sarai. Ɗaga yatsa kawai zan yi jirgin ya ƙone, magana ta wuce. Amma shekara nawa ina shan gori? Na ƙara danne madannin.

A tamanin da shida na mutu. Rumfa ta kaure da shewa, sunan Muntari kuma ya ɓace, aka bar mini fili in sa nawa. Na tambayi Zayyad ko akwai yadda za a dawo da na da, ya juya wayar, ya girgiza kai. A nan na zauna na rubuta sunan Muntari harafi bayan harafi.

Bayan la'asar na shiga wurin Gwaggo. Muka gaisa, ta tambayi ruwa da mutanen gida, sannan ta ce in buɗe mata. Ta kawo wayar kusa da ido, ta shafa gilashin da babban yatsa.

"Har yanzu ba wanda ya kamo shi ko?"

"Babu, Gwaggo."

"Allah ya yi maka albarka, Tasi'u. Da wani na ba, da tuni an lalata mini."

Na ce amin, kaina a ƙasa. Shekara biyu ke nan tana shafa rubutuna tana yi wa ɗanta addu'a, kuma har yau na kasa faɗa mata.