Ƙoƙon Farko Daga Bene na Uku

Da Chollom, wani dattijo ɗan Jos, shekara ashirin da shida ya yi yana tuƙa tasi a unguwar ofisoshin jakadanci ta Washington. A duk surutun da fasinjoji suka zuba masa a kunne, magana ɗaya ce ta maƙale: wai ana yin giya da zuma zalla. Wani dogon Bature mai gemu ne ya faɗa masa a cikin cunkoso. Zuma, ruwa, yis, sai haƙuri. Da gwiwa ta ce ta gaji, ya ajiye aiki, sai maganar ta dawo masa kamar ƙaiƙayin tsakiyar baya.

Cikas ɗaya ne, sunansa Constance. Matarsa ce, nas ce, kuma shugabar zumuntar mata ta cocinsu. Tun ranar da suka tare a bene na uku a Greenbelt ta kafa doka: duk abin da ke sa namiji rawa ba kiɗa, ba zai ƙetare ƙofarta ba. Da Chollom ya bi doka. In burukutun Jos ta faɗo masa a rai, sai ya haɗiye yawu ya buɗe lemo.

Amma zaman banza ya fi shaiɗan iya lallashi. Ya sayo tulun gilashi mai toshi, da wata 'yar roba a kansa da ke fitar da iska. Zuma kuwa wajen wani tsoho mai kiwon ƙudan zuma a Beltsville ya samo, ya ce wa Constance ta tari ce. Ranar da take aiki a asibiti, mutumin da bai taɓa ɗauraye kofin shayinsa ba ya wanke tulu har sau huɗu, ya dama, ya toshe, ya tura shi cikin kabad kusa da tankin ruwan zafi, bayan akwatunan da ba a buɗewa.

Kwana biyu, tulu ya fara magana. Ɓul. Shiru. Ɓul. Da Chollom ya ja kujera 'yar tsugune, ya cusa kai cikin kabad, ya wuni yana saurare. Shi dai a ganinsa ƙudajen da suka yi zumar ne ke numfashi a ciki. Ya ma lura cewa in maƙwabci ya kunna injin wanki, tulun yakan ƙara sauri, kamar mai amsa kiɗa.

"Baban Linda, me ke ƙara a gidan nan?" Constance ta tambaya wata safiya.

"Famfo ne. Famfunan ƙasar nan duk ciwon ciki gare su."

Takardar da ta zo da tulun ta ce a jira wata uku, ko fiye. Da Chollom ya yi dariya. A gida, burukutu da rai ake shan ta, tana kumfa. Wadda ta yi mako sai a ba alade. Saboda haka ran Asabar, kwana na tara, da Constance ta ɗaura zanin zumunta ta fita koyon waƙa, ya sauko da ƙoƙon da ke rataye a bango don ado, ya tsiyaya, ya ɗaga zuwa baki.

Sai hannu ya tsaya.

Bai taɓa ganin ubansa ya kai ƙoƙo baki ba tare da ya fara ɗiga wa kakannin da ke ƙasa rabonsu ba. Ya duba ƙasa. Kafet ne. A ƙarƙashin kafet katako, a ƙarƙashin katako wani Bahabashe da iyalinsa, a ƙarƙashinsu kuma wata tsohuwa mai kyanwa biyu. In ya zuba nan, wa zai sha? Ya nufi tukunyar fure, sai ya tuna ƙasarta a leda aka sayo ta daga kanti, ba ta da kakan kowa. Wurin wanke-wanke kuwa cin mutunci ne. Ya leƙa ta baranda, ya ga motar wani daidai ƙasa.

Ba makawa sai sauka. Daga shi sai singileti da silifa, ya rufe ƙoƙo da jarida, ya bi matakala a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A gindin bishiyar da ke gaban gidan ya tsuguna. Wani kurege ya tsaya kallo.

"Da Pam, ubana. Da Gyang, kakana. Na san da nisa, akwai teku a tsakani. Amma ƙasa ɗaya ce, ku biyo ta ƙasa. Ga naku."

Yana cikin ɗigawa sai wata doguwar mota ta tsaya a bayansa. Mata shida suka fito, har da Constance, zani iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, ɗaya rungume da tulun kiɗa. Ana fenti a coci, an dawo da koyon waƙa gidan shugaba.

"Baban Linda! Me kake yi a tsugune kamar mai gudawa?" in ji Constance.

"Bishiya nake ba ruwa."

"Da ƙoƙona na bango?"

Iska ta juyo. Hanci shida suka ɗaga lokaci ɗaya. Ta ƙarshen fitowa ita ce Ngo Atine, tsohuwar da ta haura tamanin, wadda ɗanta ya kawo renon jikoki, wadda ko fasto sai ya rage murya a gabanta. Ta dogara sanda, ta miƙo hannu.

"Kawo nan, ɗana."

Ta shinshina. "Ruwan nan, in bishiya ta sha, gobe ita za ta ja mana waƙa."

Constance ta dafe ƙirji. "Ngo, ki yi haƙuri. Wannan abin kunya, a gidana, a gaban mata..."

"Yi shiru, 'yata. Ba a yaƙi da abokin gaban da ba a san fuskarsa ba."

Ta kurɓa. Ta jujjuya a baki, ta haɗiye. Ta sake kurɓa, wai na farko bai fito da fuskar sosai ba. Sannan ta yamutsa fuska.

"Kwana nawa?"

"Tara, Ngo."

"Tara! Ka ciro jariri wata biyu a ciki ka ce ya yi maka noma? Zuma ba dawa ba ce, sakarai. Wannan ka zuba wa Pam? Na san ubanka. Mutumin da ke mayar da ƙoƙo in bai ji daɗi ba. Shirya, zai kawo maka ita a mafarki."

Matan suka tuntsire da dariya, ban da Constance.

"Yau ɗin nan giyar nan za ta bar gidana," ta ce. "Duk inda ka ɓoye ta, fito da ita. Banɗaki za ta."

"Maman Linda, rai gare ta fa. Tana numfashi. Zo ki ji da kunnenki."

"Famfo mai ciwon ciki, ko?"

Da Chollom ya sunkuyar da kai. Ngo Atine ta buga sanda a ƙasa.

"Zuma tana cikin Littafi Mai Tsarki, ba za a kai ta banɗaki ina raye ba. Shugaba ta yi gaskiya, ba za ta kwana a gidan nan ba. Gidan ɗana akwai ɗakin ƙasa mai sanyi. Can za a tsare ta. Ni zan sa mata ido."

"Ngo, ke da kanki?" in ji Constance.

"Ni na wuce shekarun jaraba."

Awa biyu mata suka yi suna rera waƙar tattake shaiɗan a falo, Da Chollom na zaune a kicin shi kaɗai. Da aka tashi, shi ya rungumo tulu ya sauko da shi bene uku, ya zaunar da shi a mota kusa da tsohuwa, ya ɗaura masa bel. Tulu ya ce ɓul. Ngo Atine ta ɗora masa hannu a wuya kamar jikanta.

"Ngo," ya ce a hankali, "yaushe zan zo in duba ta?"

"Bayan Kirsimeti," ta ce, tana jan ƙofa. "In ta ragu."