Sammacin Mai Taya

A harabar kotu babu mai kiransa da sunan yanka. Ga-Naka ake ce masa, daga alƙali har mai shara, don abin da yake faɗa ke nan duk sanda ya danƙa wa mutum sammaci. Aikinsa ke nan tun gashinsa na baƙi: a ba shi takarda, ya nemo mai ita ko rami ya shiga, ya sa masa a hannu, ya dawo gaban rajistara ya rantse ya bayar. Sai an yi haka alƙali ke sauraron ƙara. An sakar masa kare, an watsa masa ruwan wanki, wata tsohuwa ta taɓa bin sa da tsintsiya har bakin titi, duk bai riƙe kowa a zuciya ba. Mutum ɗaya ne ya taɓa hana shi cin abinci don haushi, shi ne mai taya.

Mai taya yana da babban kantin sayar da tayoyin mota a bakin babban titi. Sun rabu da matarsa, wata nas, 'yarsu ƙarama tana hannun uwar. Wata rana ya zo ya ɗauki yarinyar da sunan za ta yi masa kwana biyu, shi ke nan, kwana biyun ba su ƙare ba. Nas ta yi kuka, ta yi aike, ta yi roƙo, da ta gaji ta shigar da ƙara. Takardar ta faɗo hannun Ga-Naka.

To, shi Ga-Naka yana da wata ƙa'ida da ba ta cikin kowace doka. Tsohon da ya koya masa aiki ne ya bar masa ita: ba a ba uba sammaci a gaban ɗansa. A jira yaro ya kauce, sannan a miƙa. Yana alfahari da ƙa'idar nan fiye da yadda yake alfahari da babur ɗinsa, kuma babur ɗin nan kullum sai ya goge shi.

Ranar farko ma ya samu mai taya a sauƙaƙe, a ƙofar gida, yana fitowa daga mota. Hannu kawai zai miƙa a gama. Sai ga yarinyar ta sauko ta ɗayan ɓangaren da jakar makaranta a baya. Ga-Naka ya mayar da takardar aljihu. Da ya yi shiru ya tafi, da ba a kai ga wannan labari ba. Amma ina, sai da bakinsa ya yi ƙaiƙayi.

"Maigida, saƙon kotu ne da ni," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Amma ni ba na ba uba takarda a gaban ɗansa. Gobe zan same ka a kanti."

Mai taya ya dube shi, ya dubi yarinyar, ya yi murmushi. "Kai, dattijo, ka cika ɗan halak. Allah ya kai mu."

Washegari Ga-Naka ya je kanti, ya tarar da yarinyar zaune a kan cinyar ubanta a cikin ofis, lokacin da sa'o'inta ke aji. Ya koma. Ya dawo jibi, tana nan. Ya bi shi gidan mai, tana gaban mota. Ya bi shi wurin aski, tana kan benci tana kaɗa ƙafa. Ashe mutumin nan cire ta ya yi daga makaranta ɗungurungum, ya mayar da ita garkuwa, duk inda zai sa ƙafa tana riƙe da gefen rigarsa. Abin da ya fi ƙona wa Ga-Naka rai shi ne in sun haɗa ido, sai mai taya ya ɗaga masa hannu, har da ɗan rusunawa.

A gida matarsa ta rasa gane kansa. Ta ajiye abinci ya huce, ta ɗumama ya sake hucewa. "Wai kai da wa kuke faɗa ne, kake ta tsaki kai kaɗai?" in ji ta. Amsar kuwa ba ta da daɗin faɗa. Rabin haushin na mai taya ne, rabin kuwa nasa ne, shi da ya ɗauki lagonsa da hannunsa ya miƙa wa mutumin banza.

Ana haka, wata safiya nas ta tare shi a barandar kotu, da kayan aiki a jikinta, idanunta jajur. Lauyanta na biye da ita yana ta ba ta haƙuri.

"Baba," ta ce, "an ce kullum kana ganin sa."

"Ina ganin sa, 'yata."

"To me ya hana ka ba shi?"

Ya fara yi mata bayanin ƙa'idar, da tsohon da ya koya masa, da yadda yaro ba ya mantawa da ranar da aka ci mutuncin ubansa. Tun bai kai ƙarshe ba ta katse shi.

"Mutuncin wa? Mutumin da ya sace mini 'ya kake tsare wa mutunci? Ni nawa mutuncin fa, a kasuwa ka tsince shi? Kai ka kwana da ƙa'idarka lafiya lau, ni in kwana ina kallon katifarta babu kowa!" Muryarta ta tashi har masu jiran shari'a suka juyo. "Ka san ya sayar da kantin? Ka san ƙetare zai tafi da ita? In ya fita da ita daga ƙasar nan, ƙa'idarka ce za ta dawo mini da ita?"

Ga-Naka ya dubi lauya. Lauya ya gyaɗa kai. Ya ce akwai hanyar a nemi izinin manna takardar a ƙofar gida, amma sai an shigar da sabuwar buƙata, ga shi kotu na dab da tafiya hutu. Kafin a dawo, mutumin ya yi nisa.

Ga-Naka ya juya. Ya sauka daga baranda ya buga babur.

A kantin ya tarar da babbar mota a tsaye, leburori na ta jidar tayoyi suna lodawa. Kantocin ciki duk sun zama wayam. Mai taya na tsaye a bakin ƙofa yana ba da umarni, yarinyar na gefensa. Ga-Naka ya kafe babur, ya zaro takardar, ya nufe su kai tsaye, karo na farko bai tsaya daga nesa ba.

Yarinyar ce ta fara ganin sa. Ta ƙwalla ƙara, ta shige bayan ubanta ta ƙanƙame ƙafarsa. "Abba, ga shi nan! Ga mai satar yaran nan!"

Ga-Naka ya tsaya cak. An zage shi a duniya iri-iri, amma wannan bai taɓa jin irinsa ba. Wato da haka aka ɗaure ta. Da haka aka sa yarinya ƙarama ta yini riƙe da riga ba ta ko zuwa wasa. Shi da ya ƙi miƙa takarda don kada ranta ya ɓaci, shi aka ɗauka aka yi mata dodo da shi. Ya dubi mai taya ido cikin ido.

"Amma kai ba ka jin tsoron Allah," ya ce.

Mai taya ya cusa hannu ɗaya a aljihu, ɗayan ya dafa kan yarinyar. "Haba dattijo, a gaban 'yata? Ina ƙa'idar taka?"

"Ka cinye ta." Ga-Naka ya ɗaga murya yadda leburori za su ji. "Wannan sammaci ne daga kotu, kan ƙarar da mahaifiyar yarinyar nan ta shigar. Ana neman ka ranar da aka rubuta a ciki. Karɓi."

"Ban ga komai ba."

Doka ta ce in mutum ya ƙi karɓa, a taɓa shi da takardar a sake ta a gabansa. Ga-Naka ya dungura masa ita a ƙirji ya saki. Ta faɗi a kan siminti, kusa da wani ɗigon baƙin mai. Mai taya ya ja da baya yana dariya. "Ku shaida, ban taɓa ba. Lauyana zai ce iska ce ta kawo ta." Kuma Ga-Naka ya san zai iya, a yi ta jayayya a kan an bayar ko ba a bayar ba har jirgi ya tashi.

Sai yarinyar ta leƙo daga bayan ubanta. Tana tsoro, hawaye na bin kumatunta, amma an koya mata in abin babba ya faɗi a ɗauko masa. Ta yi wuf ta tsugunna ta ɗauki takardar, ta goge ta a jikin rigarta, ta miƙa da hannu biyu.

"Abba, takardarka ta faɗi."

Hannun mai taya ya fito daga aljihu ya karɓa kafin kansa ya yi tunani. Direban babbar motar ya kwashe da dariya daga sama. Leburori suka tsaya da tayoyi a kafaɗa suna kallo. Mai taya ya dubi abin da ke hannunsa, fuskarsa ta canza, ya fizgi yarinyar ya tura ta cikin motarsa da ƙarfin da bai kamata ba. Ta manna fuska a gilashi tana kallon Ga-Naka, har yanzu da tsoro.

A ofishin rajistara ya ɗaga hannu ya rantse. Ya karɓa da hannunsa? Da hannunsa. Akwai shaidu? Har da direba. Rajistara ya buga hatimi yana murna. "In alƙali ya ba da umarnin a dawo da yarinyar, kai za ka kai, ka ƙarasa aikinka."

"A ba wani," in ji Ga-Naka. "In ta gan ni na zo ɗaukar ta, maganar ubanta ta tabbata."

Nas na zaune a kan bencin baranda inda ya bar ta. Ya ce mata an bayar, za a zauna kafin hutu. Ya zaci za ta yi godiya ko ta ƙara masa wani zagin, ya kuma shirya wa kowanne. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Ka gan ta kusa?"

"Kusa sosai."

"Ta rame?"

"Kaɗan."

"Kanta fa? An yi mata kitso?"

Ga-Naka mutum ne mai lura, aikinsa ya koya masa. "Akwai kitso. Layi-layi zuwa baya, da jan zare a bakin kowanne. Sai dai ya tsufa ƙwarai, duk ya cukurkuɗe."

Nas ta daɗe tana kallon hannayenta a kan cinya.

"Ni na yi mata shi," ta ce. "Da safen ranar da ya ɗauke ta."